Abin da ke sa siminti ya saki titaniyam, da yadda ake gyarawa

Idan hular haƙori ta kwance daga gindinta na titaniyam, wato ƙarfen da ke haɗa ta da dashen da aka kafa a ƙashin muƙamuƙi, a leƙa cikinta kafin a ɗora wa simintin da ya manne su laifi. Sau da yawa za a tarar simintin ya bi hular gaba ɗaya, ƙarfen kuwa yana ƙyalli tas kamar bai taɓa ganin siminti ba. To, tun a teburin aiki aka yi kuskuren, wajen shirya fuskar ƙarfen.

Da zarar titaniyam ya sha iska sai ya yi wa kansa siririyar fata ta oksayid, wato haɗin ƙarfen da iskar oksijin, wadda ido ba ya gani, kaurinta nanomita kaɗan. Wannan fatar siminti ke kamawa, ba ƙarfen kansa ba. Riƙon kuma ta hanya biyu yake samuwa: kaushin da siminti zai shiga ya sarƙe, da haɗin sinadari tsakanin fatar da firama, ruwan da ake shafa wa ƙarfen kafin a sa siminti.

Feshin yashi

Wasu suna manna hula a kan ƙarfe mai santsi yadda ya fito daga injin. Wasu kuma suna wuce gona da iri, su ɗauki yashi mai gwaɓi su buɗe iska sosai, har bakin gindin ya cinye, a sami giɓin da siminti zai riƙa zaizayewa. Abin da aka saba shi ne garin alumina mai girman ƙwaya maikuron 50, ƙarfin iska wajen bar 2, bakin bututu nesa da ƙarfen da milimita 10, na daƙiƙa 10 zuwa 15. Idan ya yi, ƙyallin zai mutu, fuskar ta koma ruwan toka bai ɗaya. Duk inda ya rage yana sheƙi, yashi bai kai ba.

Kafin a fesa, a ɗaura gindin a kan turken gwaji, wato kwafin dashen da ake aiki da shi a tebur, a rufe mahaɗar dashe da wuyan da ke taɓa dasashi da kaki ko silikon. Kaushi a wuyan nan matattarar datti ce. A kuma duba takardar kamfani, don akwai gindin da aka riga aka yi wa tsagi ko rini, masu shi sun ce kada a fesa.

Wanki bayan feshi

Nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. A wanke da tururi, ko da sifirit a injin wanki mai girgiza na 'yan mintuna, a busar da iska maras mai. Kwamfuresar da ba a zubar mata da ruwa, musamman da damina, fesa danshi da maiƙo take yi a kan aikin da aka gama tsabtacewa. Daga nan sai hantsaki, ban da yatsa, ko da safar hannu.

Babban kuskure shi ne goge titaniyam da asid na fosforik mai kashi 37, wanda ake sa wa haƙori. Sinadarin 10-MDP da ke cikin firama da fosfet ɗinsa yake kama oksayid. Idan fosfet na asid ya riga shi zama a gurbin, 10-MDP ba shi da wurin kamawa. Miyau ma haka yake yi, kuma kurkura da ruwa ba ya fitar da shi. In an gwada aikin a baki, a sake feshi kaɗan, ko a yi amfani da abin wanki irin Ivoclean ko Katana Cleaner. Asid na haidurofulorik kuwa cin titaniyam yake yi; wurinsa cikin hular litiyam daisiliket, wani nau'in tangaran mai gilashi, kashi 5 na daƙiƙa 20.

Firama

Silen, sinadarin da ake shafa wa tangaran don siminti ya kama shi, tsagwaronsa da silika yake haɗuwa, titaniyam kuwa ba shi da ita. Sai dai in an fesa yashi mai rufin silika, irin CoJet ko Rocatec, sannan silen zai yi aiki. A wannan hanyar iska kawai ake hurawa bayan feshi. In da alumina zalla aka fesa, firama mai fosfet ake buƙata, kamar Alloy Primer, Clearfil Ceramic Primer Plus ko Monobond Plus. Shafi ɗaya siriri ya isa. Monobond Plus daƙiƙa 60 ake ba shi sannan a busar. Lafta shi har ya kwanta a kwana rage riƙo yake yi. Kada kuma a fesa yau a shafa gobe. A yi su a zama ɗaya.

Simintin kansa

Haske ba ya ratsa titaniyam, da kyar yake ratsa zirkoniya mai kauri, farin tangaran da ake yin hula da shi. Simintin da sai da fitila yake daskarewa zai bushe a bakin mahaɗar, ciki ya zauna ɗanye. A zaɓi simintin rezin mai daskarewa da kansa ko mai hanya biyu, da kansa da kuma da fitila, irin Multilink Hybrid Abutment ko Panavia V5, kuma mai duhun da zai ɓoye launin ƙarfen. A toshe ramin sukuru da zaren Teflon, a shafa siminti, a danna hular a riƙe ba motsi. Idan rarar ta fara kauri a ɓamɓare ta, a shafa gilisirin a bakin mahaɗar don iska na hana saman rezin daskarewa, a jira cikar lokacin da takarda ta faɗa, sannan a goge da roba.

Zafi na rage lokacin aiki ƙwarai. Simintin da aka ce a ajiye a firji, in ya sha zafin bazara a aljihun tebur, ko ya kama tun hula ba ta zauna ba, ko ya ƙi kamawa sam. A fito da shi ya huce sanyi kafin a matsa, a zubar da ɗigon farko na bakin sirinji. In kuma an taɓa sa simintin wucin gadi mai man kanumfari, a kankare shi tas a sake feshi, don yujinol da ke cikin man yana hana rezin daskarewa.