Yadda za ki yi wa ƙananan yara Halowin a gida ba tare da kin firgita su ba

Bara ne 'yata mai shekara huɗu ta dawo daga makaranta da takarda a jaka, wai ranar 31 ga Oktoba kowane yaro ya zo da shigar burtu za a yi Halowin, ni kuwa iyakar abin da na sani a kansa hotunan ƙwarangwal da mayu da nake gani a Facebook, sai na ji raina bai kwanta ba. Na ɗan bincika. Asalinsa na mutanen Ayaland da Sikotland ne, bikin ƙarshen kaka da suke kira Samhain, an gama girbi sanyi zai shigo, kuma sun yarda cewa a daren ne ruhohin matattu ke yawo. Daga baya coci ta tsayar da 1 ga Nuwamba ranar tunawa da tsarkaka, jajibirinta ya zama Halowin. Wani abin da ya ba ni dariya ma, dankalin nan da muke ce wa Irish da ake lodinsa daga Bokkos da Mangu, irinsa ne cuta ta kama a Ayaland daga 1845 yunwa ta kori mutane zuwa Amurka, suka tafi da al'adarsu, can ta bunƙasa.

To saboda wannan tarihin ne iyaye da yawa a nan Jos, Musulmi da Kirista, ba sa yarda, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, in ke ko maigida kun ce a'a shi ke nan ki gaya wa malamar kawai. Ni dai abin da na yi, na cire fatalwa da jini da maita, na bar shiga da alawa, don in kin duba ai kusan tashe ne, mu ma muna yara mun manna gemun auduga mun cusa tsumma a ciki mun bi gida gida ana ba mu hatsi da 'yan canji.

Maganar kaya, don Allah kar ki je ki kashe kuɗi a kantin zamani kan abin da za a sa awa biyu. Ki fara tambayar yaron me yake so ya zama, amma ki tambaya da wuri kamar saura sati biyu, don zai canza ra'ayi sau uku, tawa ta fara da likita ta koma mage ta ƙare a 'yar Fulani mai tallar nono. Hakan ma ya fi min sauƙi, na ɗaura mata zane, na yi mata kitso, na sa mata 'yan kunne da tsakiya, ƙaramar ƙwarya da faifai a ka, an gama. Namiji kuma ki naɗa masa rawani da mayafinki ya zama sarki, ko ki yanka kwalin indomi ki fenta shi ki rataya masa da igiya a kafaɗa ya zama direban Keke. In kina son rigar zaki ko ta ɗan kwana-kwana ki leƙa wajen 'yan gwanjo a Katako ko Terminus, sai dai ki wanke ki shanya a rana sosai kafin ya sa. Kuma ki tuna garin da kike, ƙarshen Oktoba da yamma sanyin Jos ya fara cizo, kayan su zama da yalwa yadda rigar sanyi za ta shiga ciki, kar kuma su riƙa jan ƙasa yana tuntuɓe.

Abin rufe fuska kam ki manta da shi. Ƙanin yarinyar nan shekararsa biyu, ɗan maƙwabta ya shigo da fuskar roba ta biri, yaron nan ya ƙwalla ƙara ya shige ƙarƙashin zanena yana rawar jiki, ko da ɗan maƙwabtan ya cire ya ce "ni ne fa" bai yarda ba, daren nan a bayana ya yi barci. Su a wannan shekarun ba su iya raba wasa da gaske ba. Ki zana gashin baki ko hancin mage da fentin fuska na yara, ki fara gwadawa a bayan hannunsa kwana ɗaya kafin nan ko zai yi ƙaiƙayi, kuma ban da kwallin dutse, ana samun dalma a cikinsa.

Sai kabewa. Turawa suna fafe ta su yanka ido da baki su sa kyandir ciki, da can ma a Ayaland wani tushe mai kama da dankali suke fafewa, sai a Amurka aka koma kabewa. Tamu ta kasuwar Farin Gada bawonta tauri gare shi kamar katako, na gwada wuƙa ta zame saura ƙiris in raba yatsa. Sai na haƙura na ba yaran alƙalamin maka suka zana mata fuska, ido ɗaya a sama ɗaya kusa da baki, sun fi jin daɗin haka ma. In kin dage sai kin fafe, ki yi ke kaɗai, ki sa ƙaramar tocila ciki, kyandir da gemun auduga ba sa haɗa hanya.

Yawon karɓar alawa kuwa a cikin get ɗinmu muka yi, gida biyar, na bi su tun kwana uku kafin nan. Maman Biyu ta ce min "ke Maman Ummi, wannan kuma wane sabon salo ne," na ce "Yaya, tashe ne ba azumi," ta yi dariya ta ce a kawo su. Wata kuma ta ce ba ruwanta, muka tsallake ƙofarta ba wani ɓacin rai. Ni na raba wa kowane gida abin da za su bayar don kar in ɗora wa mutane nauyi. Can Amurka yaran cewa suke ko a ba su alawa ko su yi tsiya, ni na ce ba a gidana ba, sallama za ku yi, ku durƙusa ku gaida Mama, sannan ku miƙa leda. Muka fara bayan La'asar, kafin kiran Magariba kowa ya shige ɗaki.

Ki kula da abin da ke shiga ledar. Ɗan ƙasa da shekara huɗu ba a ba shi alawa mai tauri ko cingam ko gyaɗa, suna maƙalewa a wuya, biskit da cincin mai laushi da yankan ayaba sun ishe shi, in an dawo ki karɓe ledar ki ba shi biyu ki ɓoye sauran saman firij, in ba haka ba tuwon dare ya tashi a banza.

Washegari na fere kabewar da zanen da komai na yi miyar taushe, yarinyar ta ɗago wani yanki a cokali tana tambayata ko wannan ne hancin kabewar.