Darasi na Tara: Kwance Zoben Koiloba da Ya Cije

Koiloba wani nau'in shokazoba ne da ake zura shi cikin sifirin, su zama abu ɗaya. Jikinsa yana da zare irin na bolti. A kan zaren akwai zobba masu haƙora a gefe. Zoben sama shi ke ɗauke da sifirin, na ƙarƙashinsa kuma shi ke danne shi don kada ya motsa. Wasu koiloba suna da zobe na uku can ƙasa, wanda ke kulle ƙafar da ake ɗaurawa a jikin mota. Da waɗannan zobba ake ɗaga mota ko a sauke ta.

Wanda ya sayi koiloba na hannu yakan tarar zobban sun ƙi juyawa. Kafin ka ɗauki guduma, ka san abin da ya riƙe su.

Yawanci jikin baƙin ƙarfe ne, zoben kuma alminiyam. Idan ƙarfe iri biyu suka daɗe a manne, ruwa yana shiga tsakaninsu, musamman ruwa mai gishiri, alminiyam ɗin yakan fara cinyewa. Yana fitar da wani farin gari mai cika zaren ya toshe shi. Ga kuma yashi da laka da taya ke watsowa shekara da shekaru. Saboda haka abin da ke gabanka datti ne da tsatsa a cikin zare, kuma ƙarfin damtse ba ya wanke datti.

Fara da awo. Auna daga zoben zuwa ƙarshen zaren da milimita, ka rubuta a takarda, kowane gefe da nasa. In ka manta da wannan, motar za ta dawo a karkace.

Kada ka taɓa gwada juya zobe alhali nauyin mota yana kan sifirin. Ɗaga motar da jak, ka sa mata matokara ta ƙarfe, domin jak kaɗai ba abin dogara ba ne. Cire taya. A ganina ya fi kyau ka fitar da koiloba ɗin gaba ɗaya, don a ƙarƙashin mota hannu ba ya samun wuri. In za ka kama shi a bayis, wato abin matse ƙarfe na kan tebur, kama ƙafar ƙasa, ka sa tsumma ko katako a tsakani. Idan ka matse bututun jikinsa, zai lotsa, fistan da ke ciki ya daina tafiya daidai, kuma wannan ba ya gyaruwa. Sandar nan mai sheƙi da ke fitowa daga bututun ma kada filaya ta taɓa ta. Ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yage robar da ke tare mai.

Yanzu sai wanki, kuma nan ne rabin aikin yake. Wanke zaren da ruwa da sabulu, ka goge shi da buroshin waya, kana bin layin zaren. In jikin alminiyam ne, yi amfani da buroshin tagulla ko na roba, don na ƙarfe yana cin sa. Goge sama da ƙasan zoben, musamman hanyar da zai bi in ya fara juyawa. Duba gefen zoben da kyau. Wasu ba su da zoben kulle, sai ɗan ƙaramin sukuru da ake kwancewa da alanki, wato ɗan ƙarfen nan mai kusurwa shida. Laka takan rufe shi, mutum ya yi ta fama bai san zoben a kulle yake ba.

Bayan ya bushe, fesa man kwance tsatsa a inda zoben ya haɗu da zare. Tsayar da koiloba ɗin don man ya gangara ciki. Bar shi ya kwana. Da safe ka juya shi kai ƙasa, ka sake fesawa. Ka riƙa ɗan bubbuga zoben ta kowane gefe da gudumar roba. Girgizar tana farfasa garin da ke ciki, mai ya sami hanya.

Sifanar wannan aiki tana da ƙugiya a baki, mai shiga haƙorin zobe. Biyu ake buƙata, kuma su yi daidai da girman zoben. Riƙe na sama da ɗaya, ka juya na ƙasa ya yi nesa da shi. A yawancin koiloba, in kana kallo daga sama, juyawa yadda hannun agogo ke tafiya shi ke saukar da zobe. Tabbatar ƙugiyar ta zauna sosai, sannan ka buga jelar sifanar da gudumar roba, bugu gajere mai kaifi. Da zarar ya motsa ko kaɗan ne, dakata. Mayar da shi baya, fesa mai, sake kawo shi gaba. Kowane zuwa da dawowa yana ƙara masa hanya. Wanda ya ci gaba da ja da ƙarfi a wannan gaɓar, shi ne ke cinye zare.

In har yanzu ya ƙi, zafi yana taimakawa, domin alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Amma a nan akwai haɗari na gaske. Cikin shokazoba akwai mai da iskar naitirojin a matse. Harshen wuta na iya ƙona robobinsa, har ya fasa shi a fuskarka. Goge man da ka fesa tukuna, don yana kama wuta. Yi amfani da na'urar hura iska mai zafi, a kan zoben kaɗai, na ɗan lokaci. In zoben na roba ne mai tauri, kada ka gasa shi sam.

Zoben da ya gagari duk wannan sai yanka. Sassauta sifirin ko ka matse shi da abin matse sifirin, don kada ya yi tsalle. Yanka zoben da zarto a hankali, ka tsaya kafin ka kai zare, sannan ka sa bakin sukundireba a tsagar ka murɗa ya buɗe. Ana samun zobe sabo a saya shi kaɗai.

Ɗan maɓallin da ke saman sandar, mai sa shokazoba ya yi tauri ko laushi, yana juya wata siririyar allura ce a ciki. Ɗigon mai da yatsu kawai yake so. In ya ƙi, kai wa mai gyaran shokazoba.

Kafin ka mayar, wanke zaren tas, ka shafa man hana cijewa kaɗan, domin mai yawa yana tara yashi. Mayar da zobban kan awon da ka rubuta, ka kulle su, sannan a duba alaimen ɗin motar, wato saitin tayoyinta.

Aikin gwaji: a wani koiloba, zagaye ɗaya yana matsar da zobe milimita 2. Ka rubuta milimita 48, yanzu tef ya nuna 36. Zagaye nawa za ka yi zoben ya koma wurinsa?