Kurakuran da aka fi yi wajen aiki da bayanan na'urorin girgizar ƙasa na ƙarƙashin teku

Ɗaliban ilimin ƙasa a nan Zariya suna sauko da bayanan na'urorin da aka dasa a ƙasan teku kyauta ta intanet, musamman na gaɓar Japan da ta Kaskadiya a yammacin Amurka da Kanada, inda wani ɓangaren ɓawon duniya yake nutsewa ƙarƙashin wani. Najeriya ba ta kan irin wannan iyaka, kuma motsin ƙasar da aka ji a Kwoi a 2016 daban yake. Akasarin kurakuran da nake gani a ayyukan ɗalibai a Samaru tushensu ɗaya ne: ɗaukar na'urar teku tamkar ta tudu.

Mafi muni shi ne yarda da agogon na'urar. Tashar tudu tana daidaita lokacinta da GPS kullum, amma saƙon tauraron ɗan'adam ba ya ratsa ruwa, don haka na'urar da aka jefa da batir ta yi watanni a ƙasa, agogonta yana zamewa kaɗan-kaɗan. Igiyar girgiza ta farko tana tafiyar kusan kilomita 6 a daƙiƙa cikin ɓawon ƙasa, saboda haka kuskuren daƙiƙa ɗaya ya isa ya kawar da cibiyar girgizar daga wurinta da kilomitoci. Gyaran shi ne a duba bambancin da aka auna da GPS ranar jefawa da ranar cirowa, a rarraba shi a kan tsawon zaman, bayan an tabbatar ba a riga an gyara ba, domin na ga wanda ya gyara sau biyu. Tashoshin da ke haɗe da kebul, irin S-net mai tashoshi 150 da Japan ta shimfiɗa bayan girgizar 11 ga Maris 2011, daga tudu suke samun lokaci.

Sai alƙibla. Na'urar da aka saki daga jirgi tana sauka yadda ta ga dama, ba wanda ya saita ta arewa. Dole a gano inda ta fuskanta ta hanyar igiyoyin manyan girgizoji na nesa waɗanda aka san inda suka faru, sannan a juya bayanan.

Hayaniya ma tana yaudara. Ruwan da ke gudana a ƙasa yana karkata na'urar, nauyin dogayen raƙuman ruwa kuma yana danna ƙasan teku, duka biyun suna fitowa a rubutun kamar motsi. Abin da ma'aunin nauyin ruwa da ke tare da na'urar ya rubuta shi ake amfani da shi a cire hayaniyar raƙuman; ta karkatar kuwa ana cire ta ne da bayanan sassan na'urar da ke auna motsin gefe-gefe.

Kada a manta da lakar da na'urar take zaune a kai, wadda take jinkirta igiyar girgiza ta biyu, mai isowa bayan ta farko, sosai. Wanda ya yi lissafi da gudun dutsen tudu zai sami zurfin da ba daidai ba, alhali zurfin ne yake nuna ko girgizar ta faru a mahaɗar ɓangarorin biyu, inda manyan girgizoji masu haddasa tsunami suke tasowa, ko a cikin ɗaya daga cikinsu.