Allurar rage ƙiba: yadda za ki yi amfani da ita ba ki cuci kanki ba

'Yan uwa mata na Jidda da Makka, maganar allurar rage ƙiba ta cika gidajen biki da guruf-guruf ɗinmu, ko ina Saxenda, Wegovy, Mounjaro. Suna aiki kam, suna rage jin yunwa kuma abinci ya daɗe a ciki, amma fa magani ne, ba kowa ake rubuta wa ba.

Ki fara da likita, ba mai saidaliyya ba, ba ƙawarki ba. Zai auna nauyi da tsawo ya fitar da BMI, wato ma'aunin ƙiba, in ya kai 30, ko 27 ga mai ciwon suga ko hawan jini, to nan ne ake maganar allura. Ki faɗa masa komai dan Allah, in kina da ciki ko kina nema ko kina shayarwa ba a yi, haka in akwai kansar maƙoshi, wato ta thyroid, a danginku, in kuma kin taɓa kumburin saifar suga (pancreas) ko tsakuwar matsarmama lallai ya sani. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta sani Mounjaro na iya rage mata ƙarfi.

Inda aka fi cutuwa shi ne gaggawa. Saxenda kullum ake yi, ana farawa da miligiram 0.6 a ƙara duk sati har a kai 3. Wegovy sau ɗaya ne a sati, daga miligiram 0.25, sai an yi sati 4 kafin a ƙara. Wata saboda biki ya matso sai ta tsallake ta hau babba, daga nan amai da gudawa ba tsayawa, ga zafin Makka, ruwan jiki ya ƙare a taɓa ƙoda, wallahi wannan abin yana damuna sosai. Tashin zuciya kaɗan a farko an saba gani, ki rage loma, ki ɗan bar kabsa mai maiƙo da burostid da sambusa, ki riƙe kifi, ƙwai, wake da ganye, ki yi ta shan ruwa. Amma ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa har baya, ki tsaida allurar ki tafi asibiti nan take. In dare ne kin rasa abin yi ki kira 937 na ma'aikatar lafiya.

Ajiya kuma, firji, ba wajen ƙanƙara ba. Kar a bar ta a mota ko kaɗan.

Kar ki saya a hannun masu talla a Snapchat ko WhatsApp ko da rabin kuɗi ne, a 2024 hukumar lafiya ta duniya ta yi gargaɗi kan jabun allurar Ozempic, 'yar uwar Wegovy, ita Ozempic ɗin ma ta masu ciwon suga ce. Haka shayi da ƙwayoyin rage tumbi da ake cewa na ganye ne, an sha samun sibutramine a cikinsu, maganin da aka janye tun 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki.

In azumi ya matso ki koma wajen likita ku tsara, musamman mai shan maganin suga don kar sugan ya faɗi da rana. Kuma ki tambaye shi tun farko wata nawa za ki yi, ki lissafa kuɗin, don da yawa in sun daina nauyin yana dawowa.