Darasi na 9: Kango da Masu Neman Wurin Kwana

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Yau karatun namu zai kai mu Landan, amma kafin mu tafi kowa ya tuno wani kango da ya sani a unguwarsu. Akwai ɗaya bayan gidanmu, shekara biyu kacal da tashin masu shi indararo ya toshe, ruwan damina ya kwanta a kan soro har azara ta fara lotsawa, ga jemagu ga zarnin fitsari, yara ma sai su bi ta ɗaya layin in magariba ta yi. Gida in ba mutum a ciki mutuwa yake yi. Gefe guda kuma ga magidanci da 'ya'ya biyar yana yawon neman ɗaki ɗaya. Abin yana ci mini rai wallahi, shi ya sa na zaɓo wannan darasin.

Mu karanta tare

Bayan yaƙin duniya na biyu ƙananan hukumomin Landan sun riƙa sayen tsofaffin gidaje, layi guda sukutum, da niyyar rushewa su yi titi ko makaranta ko sabbin benaye. To sai kuɗi ya yanke, aiki ya tsaya, gidajen kuma aka buga musu katako a ƙofa da taga aka barsu shekara da shekaru. Can sanyi ne matsalar, ruwa ya daskare cikin bututu ya fasa shi, bango ya jiƙe, ɓarayi su shiga su kwance duk wani ƙarfe mai daraja.

A 1968 wani mai suna Ron Bailey da abokansa suka fara wani yunƙuri na shigar da iyalai marasa muhalli cikin irin waɗannan gidaje ba tare da izini ba. An yi rigima sosai, an je kotu. A 1969 hukumar Lewisham, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin Landan, ta ga gara a yi sulhu, ta yarda mutane su zauna da izini har ranar da za ta buƙaci gidan. Daga nan wasu hukumomin suka bi sahu. Wannan shi ne zaman wucin gadi: gida na hukuma ne, ku zauna, ku gyara, ku biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ranar da aka ce ku tashi ku tashi.

Ita kuwa hukuma ba za ta tsaya ciniki da mutum ɗai-ɗai ba, dole sai an haɗu an zama ƙungiya. Nan ƙungiyar gama kai ta 'yan haya ta shigo.

Yadda ƙungiyar take tafiya

Kun san adashi ai. To ku ɗauka adashi ne amma ba uwar adashi, kuma kuɗin ba kwasa ake yi ba, gida ake riƙewa da su. Duk ɗan haya mamba ne, duk mamba ɗan haya ne, ba wani maigida a gefe da zai zo ya buga ƙofa. Yawanci fam 1 na kuɗin Ingila ake biya kuɗin shiga. Kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, wanda ya shekara ashirin da wanda ya zo jiya duk ɗaya ne, kuma wannan ƙa'ida tsohuwa ce, tun 1844 wasu ma'aikata 28 a garin Rochdale suka kafa shagonsu a kanta.

Ana zama taro, galibi wata-wata. A zaɓi sakatare mai rubuta abin da aka yanke, da ma'aji, da mai kula da gyara. A taron ne ake yanke kuɗin haya, a nan ake duba wanda ya nemi ɗaki in wani ya tashi, a nan kuma ake maganar da ta fi kowacce nauyi, wato ta mamban da bashi ya taru a kansa, dan kuwa mutumin da kuke shan shayi tare da safe shi za ku kalla ido da ido ku tambaya yaushe zai biya, kuma in kun yi kara kun yi shiru rufin da ke yoyo a kanku duka zai zuba. A ganina ƙungiyar da ba ta iya wannan maganar ba ba ta daɗewa. Ma'aji kuma kar ya taɓa fitar da kuɗi da sa hannunsa shi kaɗai, a ƙalla mutum biyu, kuma littafin kuɗi a buɗe yake ga kowane mamba.

Wasu sun yi nasara. Ƙungiyar Sanford a unguwar New Cross tana nan tun 1973, mutum sama da 100 ke zaune suna tafiyar da gidajensu da kansu, sai dai ita dama gina mata aka yi, ba aro ba ne. A unguwar Bonnington Square kuwa an kwashe mutane ne da niyyar aikin makaranta, aikin bai yiwu ba, wasu suka shiga a farkon shekarun 1980 suka gyara, suka kafa ƙungiya, suka buɗe gidan abinci, filin da bam ya rusa lokacin yaƙi suka mayar da shi lambu.

Takarda biyu, ku lura da kyau

Nan nake so mu daɗe. Takardar haya daban, takardar izinin zama daban. Mai takardar haya doka ta ba shi kariya mai ƙarfi. Mai izinin zama kuwa baƙo ne da aka ce ya ɗan zauna, sanarwar 'yan makonni ta isa a tashe shi. Mutanen wucin gadi izinin zama aka ba su. An ce musu shekara ɗaya ko biyu, sai hukuma ta manta da su, wasu suka yi shekara 30 har kusan 40, sun sake rufi da kuɗinsu, sun ja wuta da ruwa, sun haihu sun aurar a ciki. Bayan 2010 hukumar Lambeth, wadda unguwannin Brixton da Clapham ke ƙarƙashinta, ta waiwayo, lokacin gidajen sun yi tsada ƙwarai, ta ce a ba ta kayanta za ta sayar ta gyara sauran gidajenta da kuɗin. A 2013 aka fitar da mazauna Rushcroft Road a Brixton, na Rectory Gardens a Clapham ma sun sha shari'a. Hukuma tana da hujjarta, ita ma ga dubban mutane a layi suna jiran gida, amma ni dai tausayin tsofaffin nan bai bar ni ba. Kayan aro ba ya rufe katara, guminsu bai canza ko kalma ɗaya a takardar da aka sa wa hannu tun farko ba.

Sannan kar wani ya ji labarin nan ya ce zai fasa ƙofar kango. A Ingila ma tun 2012 shiga gidan zama ba izini laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku wata 6. Da yardar mai gida ake yi, kuma a rubuce.

In za ku karɓi gidan da ba kowa, ko a ina ne, kafin ku sa hannu ko ku dangwala yatsa ku nemo amsar waɗannan a cikin takardar da idonku: wata nawa aka ba ku, kwana nawa ne sanarwar tashi, wa zai biya babban gyara irin rufi, kuma in an tashe ku da wuri ya za a yi da kuɗin da kuka kashe. Abin da aka faɗa da baki kawai, ku roƙi a rubuta shi, a sa kwanan wata da shaidu biyu.

Lissafi

A ce gida mai ɗaki 6, mamba ɗaya a kowane ɗaki, kowane mamba yana biyan fam 40 a mako. Nawa ake tarawa a mako 4? In an ware kashi ɗaya cikin huɗu a asusun gyara, nawa ya shiga asusun? To in mutum ɗaya bai biya ba duk watan fa, nawa ya ragu?

Aikin gida

Ku rubuta kalmomin nan sau uku-uku: kango, mamba, ƙuri'a, ma'aji, izini, sanarwa. Ku kula da lanƙwasar ƙ ɗin ƙuri'a. Duk mai takardar haya ko rasit a gida ya zo da shi mako mai zuwa, za mu rufe sunan da adireshin mu karanta sauran layi-layi tare.