Yadda ake shuka tsarkiyar kusu a Sakkwato da yadda ake amfani da ita

Tsarkiyar kusu ganye ce ta fadama wadda mutane da yawa ke takawa a gaɓar gulbin Rima ba tare da sun san sunanta ba. Wasu na kiranta wutsiyar ƙadangare, kuma duka sunayen biyu daga siffarta suka fito, domin tana fitar da wani dogon zangarniya siriri mai kama da tsarkiyar baka ko jela. Masana tsirrai suna kiran jinsinta Stachytarpheta, 'yar dangi ɗaya ce da Verbena da Turawa ke shan shayinta tun zamanin da.

Abin da ya fi muhimmanci, kafin maganar shuka, shi ne a tabbatar ita ce. Ganyenta suna fitowa bibbiyu suna fuskantar juna, bakinsu da tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto, furenta kuwa ƙanana ne, shuɗi ko ruwan shunayya, kuma 'yan kaɗan ne ke buɗewa a lokaci guda a jikin zangarniyar, su yi yini ɗaya su kaɗe. Akwai ciyayi biyu da ke ruɗa mutane. Haƙorin maciji shi ma yana da dogon zangarniya, sai dai 'ya'yansa suna da ƙaya mai manne wa tufafi, alhali na tsarkiyar kusu sumul yake. Kalkashin korama kuwa zangarniyarsa a lanƙwashe take kamar wutsiyar kunama, ganyensa da kaushi, kuma yana ɗauke da sinadarai masu lahanta hanta. Wannan ne ya sa nake ganin wajibi ne mai farawa ya tafi tare da dattijon da ya san ganyen daji, ya nuna masa da hannunsa.

Ana tattara iri a ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, lokacin da zangarniyar ta bushe ta koma ruwan ƙasa. Ƙwayoyin suna ɓoye ne cikin 'yan ramuka a jikinta, saboda haka sai a murje ta a tafin hannu a kan faifai, a sheƙe dusar, a adana irin cikin takarda a wuri busasshe. Leda tana tara gumi, irin ya ruɓe.

Ƙasar jigawa ta yawancin gidajen Sakkwato ba ta riƙe ruwa, ita kuwa wannan ciyawa da danshi ta saba. Don haka a haɗa ƙasar fadama da ɗan yashi da ruɓaɓɓen takin tumaki, a zuba a fangali ko a tsohuwar tukunya da aka huda gindinta. A barbaɗa irin a sama, a danna shi da tafin hannu, kada a binne shi da zurfi domin ƙanana ne ƙwarai. A riƙa yayyafa ruwa a hankali har ya tsiro, wanda yakan ɗauki mako biyu ko fiye. Idan tsiron ya yi ganye huɗu zuwa shida, a rage shi, a bar tazarar kamu ɗaya tsakani. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Yuni ko Yuli, bayan ruwa ya zauna.

Jarrabawar gaskiya tana zuwa ne a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40. Wanda ke son ta kai wata daminar sai ya ajiye ta inda za ta sami ranar safe, inuwar bango ko ta dogon yaro ta kare ta da azahar, ya ba ta ruwa safe da yamma, ya rufe gindinta da ƙaiƙayi. A kewaye ta da darni saboda awaki. Mai lambu a fadamar Kwalkwalawa ko kusa da madatsar Goronyo ba shi da wannan wahalar, damuwarsa ma ita ce kada ta zubar da iri ta mamaye masa albasa, saboda haka ya riƙa yanke zangarniyar kafin ta bushe. Furenta yana jawo ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi, abin da ni kaina ya fi sa ni ƙaunarta.

Ana tsinkar ganyen da safe, a wanke, a shanya a inuwa har ya bushe ƙarau. A gargajiyance akan jiƙa ɗan kaɗan a ruwan zafi a sha saboda tari, ciwon ciki ko zazzaɓi, kuma akan daka ɗanyen ganye a ɗora a kan maruru. Yana da ɗan ɗaci, kuma ruwansa yakan yi kumfa, wannan ba alamar lalacewa ba ce.

Mace mai juna biyu kada ta sha ko kaɗan, domin an daɗe da sanin ganyen da taɓa ciki. Haka kuma ba a ba jarirai, kuma mai shan maganin hawan jini ya tuntuɓi likitansa tukuna, saboda ganyen na iya ƙara saukar da jinin. Zazzaɓin damina kuwa sau da yawa na cizon sauro ne, don haka a fara zuwa asibiti a yi gwajin jini tun ranar farko, musamman idan yaro ne.