Sadaukar da doki a f7: yaushe yake ci, yaushe yake zama asara

A wasan ces, gidan f7 shi ne lagon Baƙi tun farko, domin sarki kaɗai ke gadinsa. A can Fari yake jefa dokinsa a taku na 6, a harin da mutanen Italiya ke kira Fegatello, Turawan Ingila kuma Fried Liver, wato soyayyar hanta. Harin tsoho ne, Giulio Cesare Polerio ya buga shi a Roma wajen 1610. A rubutun taku, N doki ne, B bishof, R hasumiya, Q sarauniya, K sarki. Takun soja ba shi da harafi, sunan gidan da ya sauka kawai ake rubutawa. Alamar x tana nufin ci, + kuma an kai wa sarki cek, wato hari kai tsaye. O-O da O-O-O shigar da sarki ɗaki ne, ya matsa gida biyu wajen hasumiya ita kuma ta tsallake shi: O-O a gefen sarki, O-O-O a gefen sarauniya.

Ga yadda ake isa wurin: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5 Nxd5 6.Nxf7 Kxf7 7.Qf3+.

Kafin ka saki dokin, duba abu biyu da taku na 5 na Baƙi ya haifar. Dokinsa ya bar f6, saboda haka layin f ya buɗe, sarauniya a f3 za ta ga sarki kai tsaye. Sannan dokin ya sauka a d5, kan hanyar bishof ɗin c4, da zarar sarki ya hau f7 an turke dokin, ba ya iya motsi. In ɗaya cikin biyun nan babu, ajiye dokinka. Ka ba da doki ne a kan soja ɗaya, kuma abin da ka saya da shi lokaci ne kawai, taku uku ko huɗu.

Bayan 7.Qf3+ sarauniya tana neman sarki da dokin d5 a tare. In Baƙi ya koma 7...Kg8 wasa ya ƙare: 8.Bxd5+ Qxd5 9.Qxd5+ Be6 10.Qxe6, sarki ya mutu. In ya ce 7...Ke8, ci 8.Bxd5, ka maido dokinka da ribar soja, kana kuma barazanar kisa da Qf7. Abin da ya rage masa shi ne 7...Ke6, sarki ya fito tsakiyar fili yana gadin doki da kansa.

Nan ne aikin yake, kuma aikin lissafi ne. Buga 8.Nc3. Yanzu uku ke neman d5: bishof, sarauniya da doki. Masu gadi biyu ne, sarki da sarauniyar d8, dole Baƙi ya kawo na uku nan take. Masu koyo da yawa suna gaggawar 8.Bxd5+ tun kafin Nc3, sai Qxd5 ta biyo baya, su wayi gari da ƙarancin doki ba tare da hari ba. Kada ka ci d5 sai masu nema sun fi masu gadi.

In Baƙi ya yi watsi da gadi ya kai wa sarauniyarka hari da 8...Nd4, ci 9.Bxd5+ Kd6 sannan 10.Qf7. Dubi allon da kyau: bishof ya rufe c6 da e6, sarauniya ta rufe e7 da d7, sojojinsa sun toshe masa c7 da e5. Ne4 kisa ce, sai ya nemi maganinta kafin ya yi mafarkin cin hasumiyar a1.

In ya zaɓi 8...Ne7, ya toshe bishof ɗinsa na f8 da hannunsa. Amsa ita ce 9.d4 c6 10.Bg5, wanda ke turke mai gadin e7 a gaban sarauniya. A wasan Polerio an ci gaba da 10...h6 11.Bxe7 Bxe7 12.O-O-O, hasumiya ta hau layin d, Fari ya gama da shi a taku na 21.

Gwajin gaske shi ne 8...Nb4, domin dokin yana gadin d5 yana kuma hararar c2, inda zai haɗa sarkinka da hasumiya. Tsohuwar amsa 9.a3 ce: 9...Nxc2+ 10.Kd1 Nxa1 11.Nxd5. Ka ƙara ba da hasumiya, amma dokinsa ya maƙale a lungu, sarkinsa na rana. Alexei Shirov ya ci Sarunas Sulskis da wannan hanya a gasar Olimpiya ta ces a Tromso, Norway, a 2014. Matsalarta, Baƙi ba dole ya yi kwaɗayin hasumiya ba. Da 10...Nd4 11.Bxd5+ Kd6 kaya sun daidaita, kuma sarkinka na d1 shi ma ya rasa damar ɓuya.

Shi ya sa 9.O-O ta fi aminci. Sarkinka ya shige ɗaki, Nxc2 ba cek ba ce kuma, in ya yi ta ya bar gadin d5 sai Bxd5+. Zai buga 9...c6, masu gadi su zama huɗu, kai kuma ka fasa tsakiya da 10.d4. In ya ci exd4, layin e ya buɗe wa Re1+. In ya ƙi, sojan e5 ya zama sabon abin gadi. Abin da ke kashe harin shi ne taku mai sanyi kamar d3 ko h3, da yarda a yi musayar sarauniya. Ka ba shi taku biyu na hutu, sarki zai bi ta d6 ko d7 ya ɓuya a c7, dokin da ka bayar ya tafi ke nan.

To, sadaukarwar tana da inganci? A wannan matsayi kam, e, hujjarta tana kan allo, kuma Baƙi ne ke tafiya kan siraɗi. Akwai ma hanyar jinkirta ta da 6.d4, harin da ke ɗauke da sunan Giambattista Lolli na ƙarni na 18. Sojan yana buɗe wa bishof ɗin c1 hanya ya kare dokin g5, kuma bayan 6...exd4 7.O-O, Nxf7 tana zuwa da hasumiya a shirye. Kula da 6...Bb4+ 7.c3 Be7, dabarar da ke hana dokinka gidan c3.

Inda ba ta aiki ya fi yawa. Bayan 3...Bc5, dokin Baƙi bai rufe hanyar sarauniya ba, 4.Ng5 kyauta ce ga Qxg5. In Baƙi ya riga ya yi O-O, Nxf7 Rxf7 Bxf7+ Kxf7 na nufin ka ba da doki da bishof a kan hasumiya da soja, cinikin da ke barinka ba mahara. Ƙwararru kuwa ba sa cin d5 a taku na 5, suna buga 5...Na5. Dokin f6 yana nan a gidansa, don haka Qf3 ba cek ba ce, bishof ɗinka kuma ake nema. A nan manta da f7, bi 6.Bb5+ c6 7.dxc6 bxc6 8.Be2 h6 9.Nf3 e4 10.Ne5. Kana da ribar soja, amma Baƙi ne ke korar dokinka yana fito da kayansa, don haka aikinka na gaba shi ne tura sojan d da shigar da sarki ɗaki.